Shaidar Ɓera da Biri a Shari'ar Rigakafin Tarin Fuka

Yawancin waɗanda aka haifa a asibiti a Najeriya ko Nijar suna ɗauke da wani ɗan tabo a hannu, na allurar BCG da ake yi wa jariri a kwanakinsa na farko. An fara ba wa ɗan Adam wannan rigakafi a birnin Paris a shekarar 1921, kuma har yau, bayan sama da shekara 100, shi kaɗai ne rigakafin tarin fuka da ake amfani da shi a faɗin duniya. Amma cutar tana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da ita, miliyan 1.25 suka rasu, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe takwas da suka ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na wannan nauyi.

BCG yana da ranarsa. Yana kare ƙananan yara daga nau'o'in cutar mafi muni, wato wanda ke haurawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau da wanda ke bazuwa ko'ina cikin jiki. Inda ya gaza shi ne tarin fukan huhu na manya, alhali manya ne ke tari su baza ƙwayar a ɗaki da mota da kasuwa. A Birtaniya, gwajin da aka fara a 1950 a kan matasa 'yan makaranta ya nuna kariya ta kusan kashi 80 cikin 100. A Chingleput da ke kudancin Indiya, wani gagarumin gwaji da aka fara a 1968 bai nuna wata kariya ga manya ba. Saboda haka ake neman sabo, kuma duk wani sabo sai ya bi ta jikin dabba kafin a kai shi ga mutum. Tambayar da ta dame ni ita ce: me ake aunawa a jikin dabbar, kuma wane irin nauyi ya kamata a ba wa shaidarta?

Tun farkon lamarin akwai darasi. Robert Koch, Bajamushen da ya bayyana ƙwayar cutar a ranar 24 ga Maris 1882, ya fito a 1890 ya ce ya samo magani, wani ruwa da ya tace daga ƙwayar, wanda ya gwada a kan ɓeran masar. Jikin masu cutar kuwa ya amsa wa ruwan da ƙarfi: zazzaɓi, kumburi, jan fata. Sai dai bai warkar da kowa ba, wasu ma ya ƙara jikkata su. Daga baya ruwan ya zama abin gwajin fata da ake gane ko mutum ko saniya sun taɓa haɗuwa da ƙwayar. Garkuwar jiki ta motsa, amma motsin bai zama kariya ba. Wannan rata tsakanin motsi da kariya ita ce ta ci gaba da wahalar da masana har zuwa yau.

Albert Calmette da Camille Guérin, waɗanda suka samar da BCG a cibiyar Pasteur ta Lille a Faransa, tambayarsu ga dabba ba ta da kwana-kwana. Sun ɗauki ƙwayar tarin fukan shanu, suka riƙa shuka ta a kan yankan dankali da aka jiƙa da ruwan madaciyar sa, suna sake mata wuri duk bayan mako uku, sau 230 cikin shekara 13, har ta yi laushi. Sai su zuba wa ɓeran masar ko zomo ko maraƙi su jira: ya kwanta ciwo ko bai kwanta ba? Masanin yau yana da na'urorin da za su ƙirga masa ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya, su faɗi irin sinadarin da kowacce ke fitarwa. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ya zo da jarrabawarsa, domin abin da ya fi sauƙin aunawa yakan danne abin da ya fi muhimmanci.

Kafin a gane abin da ake aunawa, sai an san abin da ke faruwa a huhu. Ƙwayar tana shigowa cikin ɗigon iska ƙanƙane, ta sauka can ƙarshen hanyoyin numfashi, inda wasu ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye baƙi, makurofej, suke jiranta. Aikinsu su haɗiye su narkar. Ƙwayar tarin fuka kuwa ta iya hana narkewar, sai ta mai da cikin mai haɗiyarta ɗaki, ta zauna tana hayayyafa a hankali, kusan sau ɗaya a yini. Dakarun da za su iya juya yaƙin su ne ƙwayoyin T, musamman nau'in CD4, amma ba a huhu ake horar da su ba, a kaluluwar ƙirji ne, kuma sai an kai musu samfurin abokin gaba can. Bincike a kan ɓera ya nuna cewa ƙwayar ba ta isa kaluluwa sai bayan fiye da mako guda, su kuma ƙwayoyin T ba sa taruwa a huhu da yawa sai an doshi mako na uku. Kafin nan baƙuwar ta ninka kanta sau dubbai. Ihu ne bayan hari. Abin da jiki ke iya yi daga nan shi ne ya kewaye wurin da wani dunƙule na ƙwayoyin garkuwa, wanda likitoci ke kira giranuloma. A jikin yawancin mutane dunƙulen yana riƙe cutar, ba ta taɓa tashi. A jikin kamar mutum 1 cikin 10 yana ruɓewa daga tsakiya, ya fashe cikin hanyar iska, ya bar kogo a huhu, daga nan tari da yaɗuwa.

A 1993 aka sami sakamakon da ya tsara tunanin fannin na shekara 20. Rukunin masana biyu a Amurka, ɗaya da sunan Andrea Cooper a gaba, ɗaya da na JoAnne Flynn, suka gwada ɓerayen da aka cire wa ikon yin wani sinadarin saƙo mai suna intaferon-gama, wanda ƙwayoyin T ke aika wa makurofej don ya farka ya kashe abin da ya haɗiye. Ɓerayen suka mutu cikin hanzari. Mutane ma suka tabbatar da hakan ta hanya mai ɓacin rai: a 1996 aka bayyana wasu yara a tsibirin Malta da aka haifa jikinsu ba ya karɓar wannan saƙo, suna ta fama da dangin ƙwayar tarin fuka waɗanda ba kasafai suke cutar da mai lafiya ba. Ga kuma cutar ƙanjamau, wadda ke cinye ƙwayoyin CD4, ta mai da tarin fuka babban makashin masu ɗauke da ita. Duk hujjojin sun nufi wuri guda, don haka aka ɗauka cewa rigakafin da ya fi tayar da ƙwayoyin T masu fitar da intaferon-gama shi zai fi kariya. Ana iya auna wannan a jinin ɓera, a auna a jinin biri, a auna a jinin jariri, duk da ma'auni iri ɗaya. Nan ne aka zame. Cewa rashin abu yana kashewa ba ya nufin ƙarinsa yana ƙara tsaro.

Gwajin ɓera na yau da kullum ga yadda yake. A yi wa rukuni ɗaya sabon rigakafi, rukuni na biyu BCG, na uku a bar shi haka. Bayan wasu makonni a shaƙa musu ƙwayar cutar, kamar 50 zuwa 100 kowanne. Bayan wata guda a cire huhu da saifa, a niƙa, a shuka a faranti, a jira mako uku kafin a iya ƙirga abin da ya tsiro. BCG yakan rage yawan ƙwayar kamar sau 10. Wato maimakon miliyan ɗaya sai a tarar da dubu ɗari. Ɓeran bai tsira daga kamuwa ba, kuma cutar za ta ci gaba da cinsa a hankali. Sabon rigakafin da ya ɗan zarce wannan da kaɗan sai a ce ya yi alƙawari. Ban da haka, huhun ɓeran da aka fi amfani da shi a ɗakunan bincike ba ya yin dunƙule mai ruɓaɓɓiyar tsakiya irin na mutum, ba ya yin kogo, kuma ɓera ba ya ɗaukar cutar a ɓoye shekara da shekaru. An riƙe shi ne saboda yana da araha, yana haihuwa da wuri, kuma an san garkuwarsa ciki da bai. Waɗannan dalilai ne na ƙwarai, amma dalilan sauƙin aiki ne.

Ɓeran masar ya fi kusa da mu ta fuskar raunin huhu, kuma ƙwaya kaɗan ta isa ta kwantar da shi. Da shi ne Richard Riley da abokan aikinsa suka tabbatar a Baltimore, a shekarun 1950, cewa cutar ta iska take tafiya: suka ja iskar ɗakin marasa lafiya ta bututu zuwa kejin dabbobin, dabbobin suka kamu. Zomo kuma yana yin kogo. Matsalar su biyun ita ce kayan binciken garkuwarsu ba su kai na ɓera yawa ba, don haka za a ga sakamako amma a sha wuya wajen gano dalilinsa.

Labarin MVA85A ne ya fito da ratar fili. Helen McShane da abokan aikinta a Jami'ar Oxford suka ɗauki furotin guda na ƙwayar tarin fuka, mai suna 85A, suka ɗora shi a kan wata ƙwayar bairos da aka raunana, da nufin a yi wa wanda ya riga ya sami BCG don a ƙarfafa shi. An gwada shi a ɓera da ɓeran masar da shanu da birai. A jikin manyan Birtaniya ya tayar da ƙwayoyin T masu intaferon-gama ƙwarai da gaske. Daga 2009 aka yi wa jarirai 2,797 rajista a yankin Worcester na Afirka ta Kudu, rabi aka yi musu shi, rabi allurar da ba rigakafin tarin fuka a cikinta. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a Fabrairun 2013: jarirai 32 sun kamu a rukunin rigakafin, 39 a ɗaya rukunin. Bambancin ya yi ƙanƙantar da sa'a kaɗai za ta iya kawo shi. Allurar ba ta cutar da yaran ba, amma ba ta kare su ba.

Abin da ya biyo baya ya fi sakamakon zafi. A 2015 wasu masana, ciki har da Paul Garner na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, suka tattara gwaje-gwajen dabbobin gaba ɗaya suka sake dubawa, suka ce tun asali hujjar cewa MVA85A ya ƙara wa BCG ƙarfi ba ta da kauri: dabbobi kaɗan a kowane gwaji, tsari mai rauni, da jinkirin wallafa wani gwajin birai wanda bai nuna amfanin rigakafin ba, wanda bai fito a mujalla ba sai a 2010, bayan an fara yi wa jarirai. Mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta sake tayar da batun a 2018. Masu rigakafin sun musanta cewa sun ɓoye wani abu. Suka ce wancan gwajin an yi shi ne don daidaita hanyar gwaji a kan birai, kuma an sanar da hukumomin da ke sa ido. Sun kuma nuna wani abu da yake gaskiya, cewa martanin da jariran Afirka ta Kudu suka bayar ya yi ƙasa nesa da wanda aka gani a manyan Birtaniya. Ni a ganina, ko wane ɓangare mutum ya gaskata, iyayen da suka miƙa jariransu sun cancanci a ce duk abin da dabbobi suka nuna, mai daɗi da mara daɗi, yana gaban kowa tun kafin a tsira allura ta farko.

Akwai kuma gargaɗin da ya riga ya iso. A 2010 masana a Cape Town suka wallafa binciken da suka bi jarirai sama da 5,000 da aka yi wa BCG, suka ɗebi jininsu suna da mako 10, suka jira shekara biyu. Waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, yawan ƙwayoyin T ɗinsu da sinadaran da suke fitarwa bai bambanta ba. A daidai wannan lokaci aka gano wani abu mai ban mamaki a ɓera: idan aka cire wa ƙwayoyin T wani birki mai suna PD-1, suna ƙaruwa, suna ƙara zafi, ɓeran kuma ya fi saurin mutuwa, domin garkuwarsa ce ke yaga huhunsa. A tarin fuka, kaso mai yawa na ɓarnar da ke kashe mutum aikin jikinsa ne.

Birai ne suka buɗe sabuwar ƙofa, musamman nau'o'in makak na Asiya da ake kiwo don bincike. Biri yana yin cutar kamar mutum: wani ta tashi masa, wani ta kwanta a ɓoye, kuma ana iya ɗaukar hoton huhunsa yana raye a bi kowane dunƙule wata bayan wata. A Jami'ar Pittsburgh, ɗakin binciken JoAnne Flynn ya yi wa ƙwayoyin cutar lamba a jikin gadonsu kafin a shaƙa wa biri, aka gano cewa yawancin dunƙulen daga ƙwaya guda ɗaya suke farawa, kuma a huhu ɗaya wani dunƙulen zai kashe abin da ke cikinsa tas alhali na kusa da shi yana ruɓewa. Ke nan yaƙin ba a jini ake yin sa ba, a kowane dunƙule ake yin sa daban. Wanda ya ɗebi jini daga hannu yana leƙen fagen fama ne daga nesa. Sun kuma nuna cewa birin da ke ɗauke da cutar, idan aka sake shaƙa masa sabuwa, yakan murƙushe ta biyun kusan gaba ɗaya. Wannan ya tabbatar da cewa jiki yana iya kare kansa sosai, in dai dakarun suna wurin kafin baƙuwa ta iso.

A Janairun 2020 mujallar Nature ta fitar da aikin da ya girgiza fannin. Patricia Darrah da Robert Seder na cibiyar binciken rigakafi ta gwamnatin Amurka, tare da mutanen Pittsburgh, suka ɗauki tsohon BCG ɗin nan, ba su canza shi ba, suka canza hanyar shigarsa da adadinsa kawai. Wasu birai a fata kamar yadda aka saba, wasu ta shaƙa, wasu kai tsaye cikin jijiya da adadin da ya ninka na yau da kullum sau 100. Bayan wata shida aka sa musu cutar. Cikin birai 10 na jijiya, 9 sun sami kariya mai ƙarfi, 6 daga ciki ba a ga ko alamar kamuwa a jikinsu ba. Waɗanda aka ba wa adadi mai yawa a fata ba su sami irin wannan ba, don haka ba yawan ne kaɗai ya yi aikin ba. Abin da ya bambanta 'yan jijiyar shi ne huhunsu ya cika da ƙwayoyin T mazauna wurin, waɗanda ba sai an kira su daga kaluluwa ba. Jinkirin mako uku ɗin nan aka toshe.

Shekara guda kafin haka, masana a cibiyar binciken birai ta Rijswijk a Holand sun zuba BCG kai tsaye cikin huhu, sannan suka riƙa ba wa biran cutar kaɗan-kaɗan sau da yawa, irin yadda mutum ke shaƙarta a gidan da akwai mai tari. Kariyar da suka gani ta tafi tare da ƙwayoyin T masu fitar da wani sinadari daban, IL-17, da kuma antibodi, wato furotin garkuwa mai manne wa ƙwayar cuta, irin na majinar huhu. A 2018 kuma Louis Picker a Oregon ya ɗora furotin tarin fuka a kan bairos ɗin CMV na birai, wanda ke zama a jiki ya riƙa zungurar garkuwa kullum: cutar ta ragu da kashi 68 cikin 100, kuma birai 14 cikin 34 ba a ga ciwo a jikinsu ba. Antibodi, wanda aka daɗe ana cewa ba shi da ta cewa a kan ƙwayar da ke ɓuya cikin makurofej, ya dawo cikin lissafi, domin an ga nau'in IgM yana tafiya da kariya a biran jijiya. A ɓera kuma an nuna a 2018 cewa BCG na jijiya yana kaiwa har ɓargo, ya sauya tarbiyyar ƙwayoyin da ake haifar makurofej daga gare su. Duk da haka CD4 bai sauka daga kujerarsa ba: da aka share shi daga jikin biran jijiya, kariyar ta rushe. Tsohuwar fahimtar ba ƙarya ba ce, guntuwa ce.

Kada murna ta kwashe mu. Birai 10 birai 10 ne. Zuba rayayyar ƙwaya mai yawa cikin jijiya ya kumbura saifar dabbobin na wani lokaci, kuma ba abu ne da za a ɗauka a kai asibitin karkara ba, balle a yankunan da ƙanjamau ta yi yawa kuma mutane da dama ba su san matsayinsu ba. Darajar wannan aiki ita ce, an sami dabbobi masu cikakkiyar kariya da za a kwatanta da marasa ita, a gano me ya raba su, sannan a nemi hanya mafi aminci ta kaiwa can.

Akwai wani gibi da ko biri bai cike ba. Dabbar ɗakin bincike tana cikin tsafta, tana ƙoshe, ba tsutsar ciki, ba zazzaɓin cizon sauro, ba ciwon sukari, kuma ba ta taɓa haɗuwa da dangin ƙwayar tarin fuka da ke cikin ƙasa da ruwa ba. Waɗannan dangi kuwa su ne babban abin zargi a kan dalilin da BCG ke rauni a ƙasashe masu zafi. Ɓerayen gwaji kusan tagwayen juna ne ta fuskar gado. Da aka gwada BCG a kan ɓeraye masu gado iri-iri, sai aka ga wasu ya kare su, wasu bai yi musu komai ba. Ƙwayar da ake gwaji da ita ma yawanci tsofaffin nau'o'in ɗakin bincike ne guda biyu ko uku, alhali a Afirka ta Yamma, daga Gambiya zuwa Gana da Najeriya, wani kaso na masu cutar nau'in afirkanum ne ke damunsu, wanda kusan a wannan yanki kaɗai yake. Masana a Seattle sun gyara ɓangare guda: suka rage abin da ake shaƙa wa ɓera zuwa ƙwaya 1 zuwa 3, sai ga dunƙule mai kama da na mutum, sai kuma ga damar tambayar ko rigakafi ya hana kamuwa ɗungurungum. Farashin shi ne ana bukatar ɓeraye da yawa fiye da da.

Saniya tana da matsayi na daban, domin ita ba aron cutar aka ba ta ba, tata ce. Tarin fukan shanu yana nan a garkunan yankinmu, mahauta suna ganin sa a huhun dabba, kuma yana iya shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. A Habasha an yi gwajin da ba a iya yi da ɓera: aka haɗa maruƙa masu BCG da marasa shi da shanun da suka kamu da kansu, aka bar su su zauna tare. Sakamakon da ya fito a mujallar Science a 2024 ya nuna cewa rigakafin ya hana wasu dabbobin kamuwa, ba duka ba, sannan wadda ta kamu bayan ta sami shi ba ta cika yaɗa wa wasu ba, kuma in aka haɗa biyun yaɗuwar ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Wanda ke ƙirga ƙwaya a huhun dabba ɗaya ba zai taɓa ganin wannan amfani ba. Abin da ya hana a riƙa yi wa shanu BCG tun tuni shi ne yana rikita gwajin fata, a kasa raba mai rigakafi da mai cuta, kuma Birtaniya ta fara gwada sabon gwajin da zai raba su a gonaki tun 2021.

Sai ga rigakafin M72, wanda ya zo ta bayan fage. Furotin biyu ne aka haɗe, tare da sinadarin zaburar da garkuwa na kamfanin GSK, irin wanda ke cikin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S. A dabbobi sakamakonsa matsakaici ne, bai kai kusa da abin da aka gani daga baya a biran jijiya ba. Amma da aka gwada shi a kan manya sama da 3,500 a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu, mutum 13 ne suka kamu da tarin fukan huhu a rukuninsa cikin shekara uku, 26 a ɗaya rukunin: kariya ta kusan kashi 50 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2019. Dukan mutanen nan jininsu ya nuna sun riga sun haɗu da ƙwayar kafin allurar, yanayin da gwajin dabba na yau da kullum ba ya kwaikwayo, ko da yake kusan rubu'in mutanen duniya haka suke. A gefe guda kuma rigakafin H56 na cibiyar Statens Serum ta Denmak, wanda ya yi kyau a ɓera da biri, ya kasa hana cutar dawowa ga waɗanda suka gama shan magani. Shaidar dabba ta yi kuskure ta ɓangarori biyu ke nan: ta yabi wanda ya faɗi, ta yi sanyi a kan wanda ya tashi.

Wannan ba hujjar barin gwajin dabba ba ce. Ba a iya shaƙa wa mutum tarin fuka da gangan, ba a iya cire huhunsa a duba, kuma gwaji guda na matakin ƙarshe yana cin ɗaruruwan miliyoyin dala da shekaru, don haka dole a sami matattara. Amma biri halitta ce mai jin zafi da tsoro, kuma duk wanda aka sa wa cutar nan ƙarshensa a kashe shi a buɗe ƙirjinsa. Wanda ya ɗauki wannan rai ya ɗauki amana: ya rubuta tsarin gwajinsa kafin ya fara, ya raba dabbobin da ƙuri'a, mai ƙirga sakamako kada ya san wane rukuni yake dubawa, adadin ya isa a yanke hukunci, kuma a wallafa ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Gwajin da aka yi da birai shida aka ajiye a aljihun tebur ya ci amanar biran, ya ci amanar mutanen da za a yi wa allurar.

Hanyar da ta fi ba ni fata yanzu ita ce wadda ta juyo da tafiyar. An adana jinin waɗanda aka yi wa M72, kuma ana kwatanta na 13 ɗin da suka kamu da na waɗanda suka tsira, domin a gano alamar kariya a jikin mutum, sannan a koma ga ɓera da biri a tambayi wanne ne cikinsu yake nuna wannan alama. A Oxford an fara shaƙa wa masu sa kai BCG a matsayin madadin cutar, ana wanko huhunsu a ga abin da ke faruwa a kwanakin farko. Rigakafin MTBVAC na Carlos Martín na Jami'ar Zaragoza a Sifaniya, wanda aka yi daga ƙwayar tarin fukan mutum da aka cire wa sassan gado biyu, ya fi BCG a birai, kuma yana matakin ƙarshe na gwaji a kan jarirai a Afirka ta Kudu da Senegal da Madagaska. M72 ya shiga nasa matakin ƙarshen a Maris 2024, da kuɗin gidauniyar Gates da ta Wellcome, a kan mutum kusan 20,000 a Afirka ta Kudu da Kenya da Malawi da Zambiya da Indonesiya. Wannan karon an saka masu ɗauke da ƙanjamau a ciki, da kuma wasu da jininsu bai nuna sun taɓa haɗuwa da ƙwayar ba.